Wasiƙa daga Stuttgart: yadda ake cinikin tsohuwar Porsche

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara baki ɗaya.

Na ga hoton tallar da ka turo mini ta Porsche 911 ƙirar 1986, wadda aka ce ba ta kai kilomita 50,000 ba, kana tambaya ko da gaske ana samun irinta. Ana samu, amma a nan babu mai hankalin da zai ciro kuɗinsa don abin da mita ta nuna. Na raka wani abokin aikina Bajamushe neman irin wannan mota, na kuma ga abin da ya sa ya bar mai ƙarancin tafiya ya ɗauki wadda ta ninka ta sau uku.

A unguwar Zuffenhausen ta wannan gari ake ƙera 911. An fara nuna ta a bajekolin Frankfurt a 1963 da lamba 901, sai Peugeot ta ce lambobi uku masu sifili a tsakiya nata ne, aka mayar da ita 911. Injinta a baya yake, kuma iska ke sanyaya shi, babu lagireto, kamar dai Volkswagen Beetle da muka taso muna gani. A 1998 aka daina yin masu sanyin iska, kuma su ne masu sha'awa ke rububi a yau. Wadda ka turo Carrera 3.2 ce, ta tsakanin 1984 da 1989. Ita da yayarta SC ana yaba musu ƙarko, musamman da yake tun ƙirar 1976 kamfanin ke lulluɓe bodin da zinki saboda tsatsa. Mai kyau a cikinsu ta fi sabuwar motar iyali tsada. Wanda aljihunsa bai kai ba yakan koma kan Porsche 944, ko Mercedes SL ta 1971 zuwa 1989, ko da yake masu Porsche ba sa ɗaukar SL a matsayin motar gudu, ta shan iska suke kiranta.

To, batun mita. Kada ka ɗauka Jamus ba a murɗa ta. Ana yi, har 'yan sanda na kiyasin cewa kusan ɗaya cikin uku na motocin hannu an taɓa mitarsu. Tun 2005 laifi ne da ke kai mutum gidan yari har shekara ɗaya ko ya biya tara, sai dai babu wani rumbun ƙasa da za ka shiga ka ga tarihin tafiyar mota. A wannan fanni Beljiyam ta fi su. Can suna da Car-Pass: duk garejin da ya taɓa mota sai ya aika adadin kilomitarta, kuma mai sayarwa dole ya miƙa wa mai saye takardar, in ba haka ba ana iya warware cinikin. Holan ma na da makamancinsa. Tsohuwar mota kuma tana da nata rikicin ko da ba a yi niyyar cuta ba. Da yawa daga cikin na shekarun 1960 gurbin lamba biyar kawai mitarsu ke da shi, da ta kai 99,999 sai ta koma sifili. Na shekarun 1980 kuwa akwai wani ɗan haƙorin roba a cikin mitar da yake rumurmushewa in ya tsufa. Allurar gudu na aiki, ƙidaya ta tsaya cik, mai mota ya yi ta yawo shekara biyu kafin ya gyara.

Shi ya sa abin da ake fara tambaya shi ne fayil. Dattijon da abokina ya sayi motarsa bai kai mu gareji ba sai da ya zaunar da mu a falo ya ajiye mana wani ƙaton fayil mai zoben ƙarfe. A ciki akwai littafin sabis da hatimin gareji a kowane shafi, da rasit na kowane canjin baƙin mai, wasu tun zamanin kuɗin Mark, takardar ta yi jaja-jaja. Akwai kuma rahoton binciken da ake yi wa kowace mota duk shekara biyu, wanda kowa ke kira TÜV, sunan wani kamfanin bincike, ko da wani kamfanin irin su DEKRA ne ya yi shi, kuma kowane rahoto na ɗauke da kwanan wata da kilomita. Abokina ya ɗauki fensir ya jera su a takarda, shekara a hagu, kilomita a dama, yana duba ko akwai inda lissafi ya yi tsalle ko ya koma baya. Bai samu ba. Sannan ya gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke takardun, don kamfanin Porsche kan ba da shaidar yadda mota ta fito, da launinta da lambar injinta, kuma motar da ke ɗauke da injinta na asali ta fi daraja nesa ba kusa ba. A gida mutum ya ajiye rasit ɗin bakanike na shekara talatin sai a ce ba shi da aikin yi. A nan wannan tarin takarda dubban Yuro ne.

Ɗaya motar, mai ƙarancin tafiyar, ita ce ta fi ɗaukar ido. Ja ce, kujerun fata ko lanƙwasa babu, robar totur da ta birki kamar jiya aka sa. Magada ne ke sayarwa, ta shekara da shekaru a rufe cikin gareji. Masanin da abokina ya ɗauko ya durƙusa gefen taya ya karanta lambar da ke jikinta mai nuna mako da shekarar da aka yi ta: zanen tayar bai ci ba, amma ta haura shekara ashirin, robar ta yi tauri ta tsattsage. Da aka ɗaga motar sama sai ga baƙin mai yana naso ta gaskit, tiyon fetur sun bushe, birkin baya ya kama. Man birki yana shan danshi in ya daɗe, ya ci ƙarfe ta ciki. Fetur ɗin da ya kwana shekaru a tanki yakan zama danƙo. Jamusawa na da suna na musamman ga irin wannan lalacewa ta zama wuri ɗaya, kuma tsoronta suke ji fiye da ta tafiya. Ga wata matsalar: rabin kuɗin irin wannan mota na ƙarancin kilomitar ne, don haka duk tafiyar da ka yi da ita kuɗinka kake ƙonawa. Wanda zai ajiye ta a ɗaki yana goge ta, ta dace da shi. Wanda yake son tuƙi, a ganina, gara ya nemi wadda ake fita da ita duk bazara ana kuma yi mata sabis kan lokaci.

Wannan masani shi ne abin da ya fi burge ni a duk harkar, kuma shi ne na fi jin rashinsa a wajenmu. Ba dillali ba ne, ba ya cin la'ada, a yi ciniki ko a fasa kuɗin aikinsa ɗaya ne. Yana da ɗan na'ura kamar wayar hannu da yake ɗorawa a jikin bodi ta faɗa masa kaurin fenti, inda aka cike da foti bayan haɗari nan take lamba ta yi sama. Ya ɗaga robar gilashin gaba, ya haska ƙarƙashin batir, ya ƙwanƙwasa dokin ƙofa, domin gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara nan yake fara ci, zinki ko ba zinki. Ya dage sai an bar injin ya kwana bai tashi ba, don ya ji sautinsa da sanyi ya ga kalar hayaƙin farko. Har yadda ake duba mai daban ne: 911 tana shan baƙin mai sama da lita 10 a wani tanki na gefe, kuma sai inji ya yi zafi yana aiki ake zaro sandar awo. A ƙarshe ya rubuta rahoto da maki daga 1 zuwa 5. Ɗaya ita ce wadda babu abin kushewa, biyar kuwa sai an sake gina ta. Yawancin motocin da masu su ke rantsuwa biyu ne, uku suke fitowa.

Za ka ga talla da yawa an rubuta daga Kalifoniya aka dawo da mota. Amurka ta sayi waɗannan motoci da yawa suna sababbi, SL ma akasarinta can ta tafi, yanzu kuma ana kwaso su. Amfaninsu rashin tsatsa, amma rana ta gasa dashbod da robobi, injin Carrera ɗinsu bai kai na Turai mai doki 231 ƙarfi ba, kuma mitarsu mil take ƙirgawa. Mil 60,000 kusan kilomita 96,500 ne, kuma akwai masu tallar da ke mantawa da wannan lissafi da gangan. Kwastan na sassauta wa motar da ta haura shekara 30 in tana yadda aka ƙera ta: ba a biyan fito, harajin shigowa kashi 7 ne maimakon 19.

Wajen sa hannu ma akwai tarko. In daga dila ka saya, doka ta ɗora masa alhakin aibin da motar ta zo da shi, aƙalla shekara ɗaya. In daga hannun mai ita ne, yana iya rubuta cewa babu ruwansa bayan ciniki, sai fa in an tabbatar ya san aibin ya ɓoye. Saboda haka dilolin tsofaffin motoci da yawa kan ce su wakilai ne kawai, da sunan mai ita suke sayarwa. Sannan a layin kilomita, dubi ko an rubuta "abin da mita ta nuna" ko "jimlar tafiyar da motar ta yi". Na farko bai ɗaure kowa ba. Dattijon nan na biyun ya rubuta da hannunsa ba tare da an roƙe shi ba. Tayi kuwa ana yi, amma ba irin namu ba. Ka raba farashi biyu a nan, mai kaya ba zai ce albarka ba, ƙofa zai nuna maka. Kowane ragi sai da hujja: tayoyi sun tsufa, ga kuɗin sababbi, a cire. Kuma ba a biya sai an riƙe kashi na biyu na takardar rajista a hannu, don wanda ke da ita shi ake ɗauka mai mota, banki ma ita yake riƙewa in da bashi.

Bayan saye gwamnati na da nata tagomashin. Tun 1997 motar da ta cika shekara 30 da fara rajista tana iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe, in masani ya shaida tana cikin kyakkyawan yanayi kuma ba a canza mata kama ba. Ka sa mata rediyon zamani mai allo ko rim ɗin da ba na lokacinta ba, ana iya hana ka. Mai wannan lamba Yuro 191.73 yake biya a shekara komai girman inji, kuma yana shiga tsakiyar biranen da aka hana tsofaffin motoci masu hayaƙi. Inshorarta ma da sauƙi, amma da sharuɗɗa: yawanci sai kana da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum, da gareji mai kulle, da iyakar kilomitar da za ka yi a shekara. Da yawa lambar rabin shekara suke karɓa, Afrilu zuwa Oktoba, hunturu na shigowa a lulluɓe mota.

Inda muka fi su shi ne gyara. Kayan gyara akwai su, kamfanin har yau yana ƙera na motocin da suka girme ni, ka yi oda yau jibi ya iso. Amma hannun da zai ɗaura shi ne tsadar. Awa ɗaya ta bakanike ta haura Yuro 100, a garejin kamfani kuwa abin ya wuce haka sosai, kuma ƙwararrun injin sanyin iska kaɗan ne, galibinsu masu furfura. Ka kira a watan Maris, lokacin da kowa ke fito da tasa, a ba ka rana bayan makonni. Babu zancen ka tsaya a kansa yana aiki kuna hira, babu kuma yaron shago da za a aika ya nemo na hannu. Abin da bakanikenmu zai kwance ya gyara kafin la'asar, a nan cire shi za a yi a sa sabo a rubuto maka takarda mai shafi biyu. Sai dai ita ma takardar cikin fayil za ta shiga.

Game da shawararka ta a sako irinta a jirgi zuwa gida, ni dai ban goyi baya ba. Carrera ta Turai mai doki 231 fetur mai lamba 98 take so. Iska da baƙin mai ne ke sanyaya injinta, cunkoso a tsakiyar zafin Afrilu ba abokinta ba ne, na'urar sanyaya ɗakinta kuma, in ma tana da ita, ko a bazarar Jamus ƙorafi ake yi da ita. Cikinta kusa da ƙasa yake. In dai sha'awar ce, ka bari in ka zo ziyara mu je gidan tarihin Porsche da aka buɗe a 2009 daura da masana'antar, abokina kuma ya ce zai ba ka tasa ka zagaya da ita, muddin ka zo da lasisin ƙasa da ƙasa kuma inshorarsa ta yarda da direba na biyu.

Ka gaida kowa da kowa. Wassalam, ƙaninka.