MBA a waje ko zama a sabon aikin zuba jari?

Wani ƙanenmu ɗan Ƙofar Ƙaura ya yi tambaya. Wata huɗu ke nan da ya samu aiki a Legas, a irin kamfanin nan da ke tara kuɗin masu jari ya sayi kamfanoni, ya gyara su, ya sayar. Yanzu kuma zuciyarsa ta karkata ga karatun MBA, wato digiri na biyu kan gudanar da kasuwanci, a waje. Ya tafi ko ya zauna?

Ƙanena, mu fara da aikin. Ka san mai kiwon turke: ya je kasuwar Mai'aduwa ya sayo ramammen sa, ya ɗaure, kullum dusa da harawa, sai dab da Sallah ya fitar. Sana'arku ke nan, sai dai naku turken na shekaru ne. Asusu ɗaya, wato kuɗin masu jari da aka tara a zubi guda, yakan yi shekara 10, kusan 5 na farko ana saye, sauran ana sayarwa. Kamfanin yakan ɗauki kashi 2 cikin ɗari duk shekara na gudanarwa, da kashi 20 na riba, galibi bayan masu jari sun fara samun kashi 8 a shekara. Romon yana cikin kashi 20 ɗin nan, kuma manya da waɗanda suka daɗe ke shan sa. Kai a wata huɗu ko awon dusa ba ka gama koya ba. Ba ka ga yadda ake tona littattafan kamfani kafin a saya ba, balle ranar sayarwa.

Makaranta kuwa tana ba ka suna, da abokai daga ƙasashe da dama, da ƙofar sauya layi. Ban raina wannan ba. Amma yi lissafi: a Harvard shekara 2 ne, kowace shekara sama da dala 100,000 idan an haɗa da masauki da abinci. INSEAD ta Faransa kusan wata 10 ce, da ɗan sauƙi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Wato a wannan farashin dala 200,000 ta kai naira miliyan 300, ban da albashin da za ka bari. In bashi za ka ci, mai ruwa ne, kuma ka san wannan magana sai ta biya ta wurin Baba tukuna.

Abin da ya fi tsaya min a rai: da yawa suna zuwa makarantun nan ne don neman kujerar da kake kai yanzu, kuma kujerun ba su da yawa a Najeriya. Ga shi waɗanda makarantun ke ɗauka galibi sun yi wajen shekara 5 suna aiki.

Makaranta za ta rinjaya ne in ka samu tallafin karatu mai kauri, ko aikin bai kwanta maka ba, ko kamfaninku ya kasa tara sabon asusu.

Ni dai da ni ne, zan zauna shekara biyu zuwa uku, in ga ciniki ɗaya daga farko har a sa hannu. Jarrabawar GMAT, ta neman shiga makarantun nan, rubuta ta yanzu, sakamakonta yana aiki shekara 5. Lagos Business School ma tana da tsarin masu aiki, ba sai ka ajiye ba. Sannan ka samu ogan naka ka tambaye shi kai tsaye: a nan ana ƙara wa mutum matsayi ba tare da MBA ba? Kuma yaushe za a fara tara asusu na gaba?