Wata 8 a kan Yamaha R3 bayan shekara 11 a kan Boxer

Ranar da aka sauke mini babur ɗin nan a ƙofar gida a Kaduna, zatona gudunsa ne zai ba ni wahala. Shekara 11 na yi a kan Boxer, na je Zariya da shi ba adadi, na san ramukan unguwarmu kamar yunwar cikina. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi gwada ni shi ne tafiya a hankali, da raba hannuna da ƙafata da ɗabi'un da suka riga suka zame musu jiki.

Yamaha R3 ne, na hannu, ƙirar 2018, irin wanda matasa ke kira fawa bayik, duk da cewa a cikin 'yan uwansa na tsere shi ƙarami ne. Injinsa cc 321, silinda biyu a jere, giya 6, ruwa ke sanyaya shi ta lagireto kamar mota, kuma ba shi da kabureta, injekta ce ke ba shi mai. Ƙarfinsa doki 42, alhali Boxer ɗina bai kai doki 10 ba. Wanda ya ji wannan bambanci zai ɗauka da an murɗa totur sai tashi sama. Ba haka yake ba. A ƙasa da 5,000 a agogon juyin inji, babur ne mai ladabi, har za ka ce ina ƙarfin da ake faɗa. Sai allura ta haura 7,000 muryarsa ke sauyawa, ya fara ja da gaske, kuma ba ya kai ƙarshen ƙarfinsa sai wajen 10,750. Kunnena kuwa Boxer ne ya rene shi: da inji ya ɗan ɗaga murya sai in ƙara giya don tattalin mai. Haka na yi ta yi wa R3, ina jefa shi a giya ta 5 a cikin gari yana gurnani yana kakkarwa, ni kuma ina zargin ko mai ne ba shi da kyau. Sai da na yi wata guda kafin na yarda cewa ƙarar da nake gudu ita ce inda injin yake jin daɗin aikinsa.

Silinda biyun nan su ne dalili. Maimakon fistin guda babba, biyu ne ƙanana, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, don haka injin yana iya juyawa da sauri sosai ba tare da ya girgiza mutum ba. A da in na iso Zariya yatsuna sun yi sanyi kamar ba nawa ba, sai na yarfe su. Yanzu kilomita 80 ɗin nan ina sauka garau.

Giya ce ta fara tsorata ni. A Boxer ƙasa kake ta takawa daga ta 1 har ta 4. A nan ta 1 ce kawai ƙasa, sauran biyar ɗaga su ake yi da saman ƙafa, firi kuma tana maƙale tsakanin ta 1 da ta 2. A mako na biyu, bayan na sauko daga gadar Kawo ina giya ta 4, na so in ƙara, sai ƙafata ta yi abin da ta saba, ta taka ƙasa. Na saki kulochi, inji ya yi kururuwa, babur ya ja baya kamar an riƙe shi da igiya, ƙirjina ya nufi tanki. Allah ya kiyaye babu mota a bayana. A ranar na san cewa wannan inji birki ne shi ma: da ka saki totur yana rage gudu da kansa, in kuma ka sauke giya da garaje tayar baya tana iya ja a ƙasa. Yanzu in zan sauke giya ina ɗan taɓa totur kaɗan kafin in saki kulochi, don juyin inji ya dace da na taya. Hannu ya ɗauki kusan wata uku kafin ya riƙa yi ba tare da na yi tunani ba.

Sai birki, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Duk wanda ya koyi mashin a wajen 'yan acaɓa ya ji ana cewa kada ka kuskura ka taɓa birkin gaba, kayar da kai zai yi. Da wannan karatu na girma, ƙafar dama ce ke tsayar da ni shekara da shekaru. A babur irin wannan, wannan karatu yana iya halaka mutum. In ka rage gudu nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau, don haka yawancin tsayuwar a hannun dama take. Faifan birkin gaba milimita 298 ne, yatsa biyu sun ishe shi. Amma ba a cafkar sa. Matsa shi ake yi sannu sannu kamar mai matse lemon tsami, a bar gaban babur ya zauna tukuna, sannan a ƙara ƙarfi. Na samu wani titi marar zirga-zirga, duk ranar Lahadi bayan asuba in je in ajiye robar ruwa a gefen hanya, in taho in gwada tsayawa kafin in kai gare ta. Na yi haka makonni shida. A duk abin da na kashe wa babur ɗin nan, babu wanda ya biya ni kamar waɗannan safiyoyin.

Duk da haka na faɗi sau ɗaya, kuma ba a guje ba. A ƙofar gidanmu ne, ina tafiyar da ba ta fi ta mai ƙafa ba, na karya kan babur zan shiga, wani yaro ya gilma, na damƙe birkin gaba a kan yashi. Kilo 169 ne da mai a ciki. Da ya fara karkata na sa ƙafa kamar yadda nake tare Boxer, amma ya fi ƙarfina, sai da ya kwanta. Hannun birki ya karye, robar gefe ta ƙuje. Yana da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an matse birki da ƙarfi, amma ABS ba ya ceton wanda ya damƙe birki kan babur a karye. Tun daga ranar, in ina lallaɓawa a lungu ko wajen juyawa, birkin baya da kulochi nake wasa da su, hannun dama ya bar birki ya huta.

Zaman ma sai an koya. Kan babur ɗin ƙasa yake, wurin sa ƙafa kuma ya ja baya, don haka a ɗan duƙe ake tafiya. Makonnin farko wuyan hannuna da kafaɗuna ciwo suke yi kullum. Wani dattijo da ya daɗe yana hawan manyan babura ya bi ni a baya wata rana, da muka tsaya shan shayi ya ce: "Ƙanena, kana riƙe shi kamar za a ƙwace maka. Matse tanki da gwiwa, ka saki hannu." Na ce: "Yaya, in na saki ai zai kufce." Ya ce in gwada tukuna. Da na bar cinya da ƙugu suka ɗauki nauyina, ciwon ya tafi, babur kuma ya daina gardama a kwana. Shi ne kuma ya nuna mini cewa a guje ba a juya kai kamar keke. In za ka dama, hannun dama kake ɗan turawa gaba, sai babur ya kwanta dama da kansa, idonka kuma yana can inda za ka fita, ba kan ramin da kake tsoro ba. Na fara gwadawa a shataletalen Lugard Hall da sassafe, kuma a nan na fara jin cewa ni da babur ɗin mun fahimci juna.

Akwai abin da babur irin wannan ba zai yi maka ba, kuma gara a sani kafin a fitar da kuɗi. Gosulon Ahmadu Bello Way wajen babbar kasuwa a watan Afrilu azaba ne: fankar lagireto tana tashi ta huro maka zafi a ƙauri, kana cikin jaket, hannun hagu ya gaji da kulochi. Tsakanin cikinsa da ƙasa milimita 160 ne, shi ya sa tudun rage gudu da 'yan unguwa ke ginawa da kansu sai an hau shi a karkace. Ba ya ɗaukar buhun shinkafa, kujerar baya kuma ƙarama ce kuma a sama take, maiɗakina ta hau sau ɗaya ta ce ta yafe. Ba shi da kik, in batir ya mutu sai turi. Mai kuma, a lissafina lita ɗaya tana kai ni kilomita 24 zuwa 26, Boxer yana ninka wannan, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tankin lita 14 yana ba ni wajen kilomita 300 kafin in nemi gidan mai. Saboda duk wannan ban sayar da Boxer ɗina ba, shi ke zuwa cefane.

Injin bai taɓa ba ni matsala ba a wata 8 ɗin nan. Abin da ke da wuya shi ne samun wanda zai taɓa shi da sani. Bakaniken farko da na kai wa ya ce a cire abin da ke daidaita zafin ruwa a zuba ruwan famfo, wai ƙasarmu da zafi. Na ɗauke babur ɗina na tafi. Wanda nake zuwa wajensa yanzu yana da littafin babur ɗin a wayarsa, yana auna baƙin mai, yana canza filta tare da shi. Kayan gyara sai an aiko daga Legas, hannun birkin nan kwana 9 na jira shi. Kaca kuma ni ke wanke ta in sa mata mai, musamman da hunturu, don ƙura tana cin ta.

Hajiyarmu ba ta so sayen nan ba ko kaɗan. Sharaɗinta ɗaya, kada ta taɓa ganina a kai babu hular kwano. Tun 2009 hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta wajabta ta, amma a Boxer sau nawa na rataye ta a hannu? Yanzu mai rufe fuska gaba ɗaya nake sawa, da jaket mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, ko da kan titi zan je. Dalilin ya wuce alkawarin da na yi mata. Direbobinmu da gudun Boxer suke auna kowane babur. Mutum zai hango ka, ya lissafa cewa yana da lokaci, ya shigo. Ga kuma samari da ke tsayawa kusa da kai a danja suna murɗa totur don ku gwada. Ina barin su su wuce.

Wanda ya fito daga Boxer ko makamancinsa yana son babur na tsere, wannan aji na cc 300 zuwa 400 mai silinda biyu nake ba shi shawara, kuma R3 ya cancanci kuɗinsa. Ya yafe mini kuskuren gadar Kawo. Da a kan mai silinda huɗu na cc 600 nake, wanda ƙarfinsa ya haura doki 100, ban san yadda ranar za ta ƙare ba. Har yanzu juyawa a titi mai ƙunci ba tare da na sauke ƙafa ba tana ba ni wuya, musamman ta hannun dama, don haka ranar Lahadi mai zuwa zan koma titin nan da robobin ruwa guda biyu.