Maganin zazzabin damina da ake kawo mana gida-gida

Duk wanda ke zaune a ƙauyukanmu na gefen fadamar Haɗeja ya san da zarar ruwa ya zauna, shinkafa ta fara tashi, sauro ya samu gari. Shi ya sa nake so in faɗi ra'ayina kan rabon maganin rigakafin zazzabin cizon sauro da ake yi wa yara duk damina. Na daɗe ina karɓar wa 'ya'yana. Maganin yana aiki, wannan ba na tantama, amma yadda ake rabon yana buƙatar gyara.

Daga Yuli zuwa Oktoba ake yi, sau ɗaya a wata. Sanƙira zai zaga ya yi shela, sai ka ga masu rabo biyu-biyu da jaka da alli suna sallama. Yara daga wata 3 zuwa wata 59 ake ba, wato waɗanda ba su cika shekara biyar ba, kuma ko sisi ba a karɓa. Kowane yaro da fakitinsa mai ƙwaya huɗu, na 'yan ƙasa da shekara ɗaya daban, bai kai na manyan ƙarfi ba. Ranar farko yaro zai sha biyu a gaban mai rabo, sauran biyun a bar wa uwa, ɗaya gobe, ɗaya jibi. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin ranar farko irin wadda ake ba mu ce a wajen awon ciki, wadda muka fi sani da Fansidar, sauran ukun kuma amodiyakwin. Idan yaro ya shanye duka, maganin yana zama a jininsa kusan mako huɗu yana kashe ƙwayar cutar da sauro ya zuba masa, shi ya sa ake dawowa bayan kwana 28. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin haka a ƙasashen Sahel, bayan gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da zazzabin da kusan kashi 75 cikin 100.

Ni abin da na gani a gidana ya ishe ni. Babbar 'yata, a wata marka da ba ta samu maganin ba, sai da ta yi jijjiga aka yi mata ƙarin jini. Autana kuwa da bai taɓa tsallake wata ba, mura ce kawai ke damunsa da damina.

Akwai wata daga cikin masu rabon da nake yi wa addu'a kullum. Ba ta buɗe fakiti sai ta zauna a tabarma ta taɓa goshin yaro. "Yaya, jikinsa da zafi? Yana shan Septrin? Ya taɓa yin ƙuraje bayan shan magani?" Sannan ta ce in kawo cokali da ruwa mai tsabta, ta jefa ƙwayar, mu jira ta narke, in ɗora shi a cinya in ba shi a hankali ba tare da na toshe masa hanci ba. Takan ce in ya amayar kafin rabin awa in aika a kira ta a sake ba shi. Ranar da ta tarar da 'yar maƙwabciyata jiki rau, ƙin ba ta ta yi, ta rubuta takarda a kai ta sha-ka-tafi a tsaga yatsa a gwada jini. Uwar ta ji haushi har da ƙunƙuni, amma Malama ce da gaskiya. Wannan na rigakafi ne, yaron da zazzabi ya riga ya kama maganinsa daban.

Sai dai ba duka ne haka ba. Wasu sauri suke yi su cika lissafi. Su zo da hantsi lokacin da an tafi kai abinci gona, su miƙa wa tsohuwa ko wata yarinya fakiti, su zana alli a bango, su wuce. Ba bayani, ba a sha a gabansu. Daga nan matsala take farawa, domin na sha ganin fakiti a cikin kwalla an ajiye wai sai ranar da zazzaɓi ya zo. Wata kuma ta ba da na ranar farko ta manta da na gobe da jibi, alhali su ne ke sa kariyar ta kai wata. Ko a gidanmu, da aka kawo na autana, surukata ta taɓa cewa, "Ki raba musu da yayansa mana, ai duk jikokina ne." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, in aka raba shi ba wanda zai amfana, kuma shi ya wuce shekarun." Da an zauna an yi mata bayani tun farko, da ba ta nema ba. Mutanen ruga da na tsallaken ruwa kuma, in hanya ta yanke a Agusta, wani lokacin sai ranar ta wuce kafin a isa gare su.

Maganar ɗaci, na yanzu mai narkewa ya fi na da sauƙin sha, amma har yanzu yara na yamutsa fuska. Ni sai na ba autana koko ya ɗan ƙoshi tukuna, hakan yana rage masa tashin zuciya. In an ga ƙuraje ko kumburi ko amai ya ƙi tsayawa, asibiti za a nufa, kada a tsaya kemis.

Zan ci gaba da karɓa, kuma ina ba kowace uwa shawarar ta karɓa, ta adana katin shan maganin da masu rabo ke bayarwa, ta kuma ci gaba da kwantar da yara cikin gidan sauro, don maganin bai hana cizo. Roƙona ga masu kula da aikin shi ne a riƙa rubuta mana ranar zagaye na gaba a jikin katin, kuma gidan da aka tarar uwa ba ta nan a sake komawa da yamma.