Tsakanin > da >> a Bash

A Bash, wato manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta, alamomin biyu duk suna karkatar da sakamakon umarni zuwa cikin fayil maimakon ya fito a allo, idan babu fayil ɗin ma su ƙirƙire shi. Inda suka raba hanya shi ne abin da suka tarar a ciki. `date >> tarihi.txt` layi mai ɗauke da kwanan wata da lokaci yake ƙarawa a ƙasa, tsohon rubutu na nan daram. Shi kuwa `>` ba ya tambaya, share komai yake yi tun kafin umarnin ya fara aiki. Shi ya sa `sort sunaye.txt > sunaye.txt` maimakon ya jera sunayen da ke ciki, zai bar maka fayil wayam, ko harafi babu. Wajen adana tarihin aiki, `>>` ya fi kwanciyar hankali. Saƙon kuskure dai ba ya bin kowannensu, sai ka sa `2>`.