Sharhi: Gidan hayar hutu a bakin tafkin Rayfield da ƙananan yara

Tun da muka dawo daga Jos maƙwabtana na Kubwa da matan 'yan uwa ke tambayata ko gidan da muka kama a bakin ruwa ya ci kuɗinsa, kuma ko wuri ne da za a iya kai ƙananan yara. Amsata a taƙaice ita ce gidan ya ci kuɗinsa, kuma zan sake komawa in Allah ya kai mu. Amma akwai abubuwan da nake so duk uwar da za ta je ta sani tun kafin ta tura ko sisi, musamman game da ruwan da ake tallata gidan da shi.

Yaranmu uku ne: babbar tana firamare, na tsakiya shekararsa huɗu, auta kuma ba ta daɗe da fara tafiya ba. A Abuja iyakar yawonmu bakin tafkin Jabi ne da yammacin Asabar, a sha iska, a sayi ƙanƙara mai zaƙi, a dawo gida cikin cunkoson Gwarimpa. Wannan karon Baban yara ya ce a bar gari gaba ɗaya a dogon hutu. Dogon hutun makarantunmu kuwa daga ƙarshen Yuli yake kamawa zuwa Satumba, wato tsakiyar damina. Hotunan hutun bazara da muke gani a Instagram, na yara cikin rana suna wasa a yashi, na Turai ne da Amurka, inda waɗannan watannin su ne lokacin zafinsu. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, kuma Agusta na cikin watannin da ruwa ya fi yawa a can. Duk wanda zai shirya tafiyar nan ya shirya wa sanyi da hazo da ruwan sama.

Gidan irin waɗanda ake bayarwa haya na 'yan kwanaki ne da kayan ɗaki a ciki, ɗaki biyu da falo da kicin, a yankin Rayfield. Ta waya muka yi ciniki da matar da ke kula da shi. Na nemi ta ɗauko mini bidiyo tana zagaya gidan a ranar, ba hotunan talla ba, kuma ta yi ba tare da ƙorafi ba. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin abin da na gani a bidiyon shi na tarar.

Hanya ba ta buƙatar dogon bayani. Mun bar gida bayan sallar asuba don mu wuce Nyanya da Mararraba kafin a cika, muka bi Keffi da Akwanga, muka hau Hawan Kibo, muka ratsa Riyom har Mararrabar Jama'a. A lissafa awa biyar ko fiye idan da yara, saboda tsaye-tsaye. A Hawan Kibo manyan motoci na jan jiki a hankali kuma hazo yakan sauko, don haka direba ya yi haƙuri. Shawarar da kowa ya ba mu, kuma muka bi, ita ce a yi tafiya da rana, a kuma tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki kafin a taso.

Abin da ya fi komai burge ni a gidan shi ne kicin, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin mai ƙananan yara gara ta kama irin wannan gidan da ta sauka a otal. Yaro ba ya jiran a buɗe ɗakin cin abinci. Auta takan farka kafin gari ya waye tana neman kunu, kuma a otal sai dai ki yi ta lallashi ki jira. A nan kuwa akwai tukunyar gas cike, da tukwane masu kyau, da firiji mai aiki. Na taho da garin kunu da man gyaɗa da yajina daga gida, sauran cefane muka yi a kasuwar Farin Gada, inda ake sauke kayan lambu. Kabeji da karas da koren wake da dankalin turawa, duk da danshin ƙasa a jikinsu, kuma a farashin da ba a samu a kasuwar Wuse. Damina ce lokacin sabon dankalin Bokkos da Mangu. Da safe nakan fere shi in soya da ƙwai da albasa, tururi na tashi yana rufe gilashin taga, yaran zaune a tabarmar falo cikin rigunan sanyi, kowa riƙe da kofin shayi da hannu biyu. Na tsakiyan da kullum sai an yi dambe da shi kafin ya ci abinci, a can da kansa yake miƙo kwano a ƙara masa. Matar maigadi kuma ta koya mini gwaten acca da ganye, abincin mutanen Filato, mai ɗumama jiki da daddare. Wanda zai je don strawberry ɗin Jos da ake yawan magana, ya sani cewa lokacinta hunturu ne, a Agusta da wuya ya same ta.

Wuta ba ta ba mu wahala ba. Akwai sola da ke riƙe fitilu da firiji, akwai janareto da ake tayarwa da yamma idan an ɗauke. Na'urar sanyaya ɗaki ko kunna ta ba mu yi ba. Abin da ake buƙata a can ruwan zafi ne, kuma hitar banɗaki ɗaya ce kawai take aiki, ɗayar ta mutu kuma ba a gyara ba har muka taso, duk da na yi magana. Barguna ma sun yi kaɗan ga gidan da aka ce na iyali ne. Sai da muka je kasuwar Katako muka ƙaro bargo da safa da hulunan sanyi na yara. Sai matsalar wanki, wadda duk uwa za ta gane: kayan yara ba sa bushewa. A shanya da safe, kafin azahar hadari ya haɗu, a kwashe, a sake shanyawa a baranda, washegari a taɓa a ji da danshi. A ɗebo musu kaya fiye da yadda aka saba, a kuma tabbatar akwai dutsen guga a gidan.

Yanzu maganar tafkin, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan.

Ruwan yana da kyau, babu musu. Da sassafe yakan kwanta shiru, hazo na yawo a kansa, duwatsu da itatuwan turare na kewaye da shi. Amma yawancin tafkunan Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi ba gulabe ba ne. Ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawan Ingila suka fara haƙar kuza a Filato, a Rayfield ɗin nan manyansu suka zauna, har filin wasan golf ɗinsu na 1913 yana nan. Da kasuwar kuza ta faɗi a duniya a 1985 aikin ya ja baya, aka bar ramuka birjik ba a cike ba. Abin da wannan ke nufi ga uwa shi ne ramin da injin ya haƙa ba ya gangarawa a hankali yadda bakin rafi yake yi. A wurare da yawa gefensa kamar bakin rijiya yake, taku ɗaya kina kan ciyawa, taku na biyu ƙasa ta ƙare. Ruwan da sanyi, ƙasansa laka ce, kuma da damina gefen yakan yi santsi ya zabtare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙaramin yaro idan ya faɗa ruwa ba ya ihu, ba ya samun numfashin da zai yi kira. Shi ya sa zama a baranda ana kasa kunne ba tsaro ba ne.

A nan ne gidan ya gaza a wurina. Katangarsa doguwa ce, ƙofar gaba da maigadi dare da rana, amma a baya akwai 'yar ƙaramar ƙofa da ke fita kan hanyar ƙafa zuwa bakin ruwa, kuma sakata ce kawai a jikinta, ƙasa-ƙasa, daidai hannun ɗan shekara huɗu. Mun isa ke nan na gan ta. Na kira maigadi, dattijo ne mai kirki, na ce, "Baba, wannan ƙofar ba ta da kwaɗo?" Ya ce, "Wallahi Hajiya na sha faɗa. Baƙi ne ke son a bar ta a buɗe don su riƙa fita ɗaukar hoto." Baban yara ya fita ya sayo kwaɗo a ranar, muka riƙe makulli har muka tafi. Na gaya wa mai kula da gidan cewa wurin da ake tallatawa ga iyalai bai kamata ya bar wannan ga baƙo ba. Ta karɓi maganar da mutunci, ta ce za ta sa a ɗaga sakatar sama. Ina fata ta yi. Duk wadda za ta kama gida kusa da ruwa, a Jos ne ko a wani wuri, ta sa a nuna mata bayan gidan a bidiyo kafin a nuna mata falo.

Yawon kwale-kwale kuma ba na gidan ba ne, wasu matasa ne ke yi a ɗaya gefen tafkin. Sun iya aikinsu, ba sa cika jirgi, kuma suna ba kowa rigar kariya daga nutsewa kafin ya shiga, kamar yadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta wajabta. Sai dai duk rigunan na manya ne. Da aka sa wa babbar 'yata guda, na kama kafaɗun rigar na ɗaga sama, sai ga ta ta wuce kunnuwanta, haɓarta ta nutse a ciki. Rigar da ta yi haka a tudu, a cikin ruwa zamewa za ta yi ta bar yaron. Da nauyin jiki ake auna rigar yaro, kuma ta ƙanana tana da igiya da ke bi ta tsakanin ƙafafu da abin tallafe ƙeya. Yaron jirgin ya ce, "Mama, kar ki damu, muna ɗaure musu da igiya ta matse." Na gode masa na ce a'a. Ni da ƙananan muka zauna a tudu, Baban yara ya shiga shi kaɗai ya zagayo yana ɗaga musu hannu. An yi kuka, na tsakiyan ma ya yi fushi da ni har magariba, kuma ban canza ra'ayi ba. Wanda ke son yaransa su shiga jirgi ya sayo musu rigarsu daidai jikinsu tun daga Abuja, a shagunan kayan wasanni, ya gwada musu a gida. Robar hannu da ake hurawa ta wasan ninƙaya ba ta maye gurbinta.

Ko tsoma ƙafa ban bari sun yi ba, saboda tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ke kwance, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Sauro a Jos bai kai na Abuja ba, amma kusa da ruwa da damina yana nan, don haka mun ɗaura gidan sauron da muka taho da shi.

Mai karatu zai iya cewa to mene ne amfanin zuwa bakin tafkin da ba za a taɓa ba. Amfaninsa da yawa. Yaran sun ga masunta na jefa koma, sun ga balbelu na bin shanun Fulani a ƙetaren ruwa, sun yi ta tsintar duwatsu masu ƙyalli suna cika aljihu. Da hantsi, lokacin da rana ta fi leƙowa, mukan fita tafiya a hanyar da ke nesa da gefen ruwa, auta a goye, sauran biyun kowa hannunsa cikin na babba. Idan hadari ya taso sai a dawo gida a gasa masara a dafa gyaɗa. Ban taɓa ganin Baban yara ya zauna a ƙasa yana yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba sai a can, domin a Abuja kafin ya dawo daga aiki sun yi barci.

Cikin gari ma bai yi nisa ba. Mun kai su gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda ake ajiye gumakan yumɓu na Nok, waɗanda su ma a wajen haƙar kuza aka fara tono su. A harabarsa akwai kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon masallacin Zariya, kuma babbar ta fi jin daɗin nan saboda an koya musu a aji. Gandun namun daji da aka kafa a 1972 yana da faɗi sosai, tafiyar ƙasa ce mai yawa, don haka a je da safe da zanen goyo da lema.

Abu na ƙarshe shi ne kuɗin ajiyar da suke karɓa saboda ɓarna. An duba gida a gabanmu aka ce komai lafiya, amma sai da muka dawo Abuja muka yi ta tuni kafin a mayar mana. An biya cif, ba a cire komai ba, jinkirin ne dai bai yi daɗi ba. A rubuta ranar mayarwa a saƙon waya tun wajen ciniki. Kuma idan hutun makaranta ya ba da dama, ina ganin hutun Disamba zai fi sauƙin wanki da fita, ko da yake sanyin hunturun Jos ya fi na Agusta cizo, sai an ninka barguna.