Honda XR150L a cikin yashi: fitata ta farko daga Dutse zuwa Birnin Kudu ta hanyar daji

Sana'ata sayen riɗi da zoɓo ce a ƙauyuka, kuma duk wanda ya san wannan harka ya san kaya mai kyau ba a bakin kwalta yake zama ba. Shekara 11 na yi ina bin manoma a kan babur irin na 'yan acaɓa. Bai taɓa cin amanata ba, sai dai duk kaka sai na sauka na tura shi cikin yashi har kafaɗuna su yi tsami, wani lokaci kuma kafin in isa wani ya riga ni auna kayan. Bana da Allah ya hore, na sayi Honda XR150L. Kwana tara ya yi a hannuna ina zagaya gari da shi, sai ranar Asabar ɗin da ta wuce na kai shi inda na saye shi dominsa.

Wanda bai san babur ɗin ba, injinsa 149cc ne, iska ce ke sanyaya shi, giyarsa biyar, yana da sitata yana kuma da kik. Tankinsa na cin lita 12. Ƙafar gaba inci 19 ce, ta baya 17, kuma duka biyun na sifok ne masu tif a ciki. Birkin gaba na faifai ne, na baya kuwa irin wanda muka saba da shi ne, na cikin ganga. Abin da ya fi jan hankalina tun a shago shi ne tazarar da ke tsakanin cikinsa da ƙasa, wadda ta haura santimita 24, da kuma cewa kafireta gare shi. Kafireta kowane bakanike na bakin kasuwa zai iya kwance ta ya wanke ya mayar, kuma ga mai yawon ƙauye wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ban fita ni kaɗai ba. Kawuna tsohon malamin gona ne, ya yi aiki tun Jigawa tana cikin jihar Kano, kafin a raba a 1991, kuma rabin rayuwarsa a kan irin waɗannan dogayen babura ya yi ta. Da na ce masa ina so in je Birnin Kudu ba tare da na bi kwalta ta Kwanar Huguma ba, sai ya ce in zo bayan sallar asuba, zai shige mini gaba da nasa tsohon.

Sanyin hunturu ya sauka sosai a safiyar. Sai da na ja cok kafin ya tashi, na bar shi ya yi kamar minti biyu yana ɗumama. Muka bar duwatsun Dutse da dabinanta a bayanmu, muka hau burji. A nan ne na fara jin bambanci. Gargadar nan da motocin ɗaukar kaya ke bari a kan burji, wadda take sa haƙoran mutum su riƙa haɗuwa, sai na ji tana wucewa ta ƙarƙashina kamar an shimfiɗa mata tabarma. Dogayen shokazoban gaba suna haɗiye ramuka, kan babur bai fizge hannuna ko sau ɗaya ba. Giyar ce kaɗai ta ɗan rikita ni da fari, domin ta ɗaya ƙasa ake danna ta, sauran huɗun sama ake ɗago su da bayan ƙafa, alhali a tsohon babur ɗina ƙafata ta saba da wani tsarin daban. Da silifa wannan ɗagowar za ta ci wa mutum yatsa. Takalmi mai rufi ake bukata, kuma gara mai tsawo.

Bayan kamar rabin awa burjin ya ƙare, muka shiga burtali tsakanin gonakin gero da aka riga aka girbe. Yashi ne zalla, mai laushi, irin wanda amalanken shanu suka tona masa layi biyu. Ban yi taku ɗari a ciki ba na ji ƙafar gaba ta fara rawa, tana neman bin layin amalanke. Sai na yi abin da hannuna ya saba yi shekara 11: na saki totur, na sauko da ƙafafuna, na taɓa birkin gaba. Nan take kan babur ya nutse, ya juya hagu, muka kwanta tare a gindin wata sabara. Ban ji ciwo ba, yashi ne ya tare ni, hular kwano kuma tana kaina. Madubin hagu ya juya, ledar gefe ta ɗan kurje, shi ke nan. Nauyinsa ya kusa kilo 130, na ɗaga shi ni kaɗai, amma sai da na yi nishi.

Kawu ya dawo, ya kashe nasa, bai ce mini sannu ba sai da ya tsuguna ya matsa tayar gaba da babban yatsa.

"Wa ya sa maka wannan iskar?"

Na ce yaron shagon da na saya ne ya cika ta.

"Ya cika ta kamar za ka ɗauki buhu uku a kwalta. Ɗana, taya mai tauri yanka yashi take yi kamar wuƙa. Miƙo mini tsinke."

Ya danna bawul, iska ta riƙa fita yana matsawa yana saurare. Ina da ɗan ma'aunin iskar taya a aljihu, na duba: daga sama da 30 ya sauko da ita wajen 18, gaba da baya. Na ce me zai hana a ƙara ragewa tunda abin na taimako ne. Ya girgiza kai. Ya ce taya mai tif idan iska ta yi ƙasa da yawa sai ta zame a kan ƙarfenta ta tsinke bawul, ko kuma dutse ya matse tif ɗin ya huda shi wuri biyu, kuma a inda muke babu mai faci. Daga nan ya gaya mini abu uku, ya ce kada in yi masa gardama: in miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, in mayar da nauyina baya, in riƙe totur a giya ta biyu kada in saki ko da zuciyata ta ce in saki. Idona kuma ya tafi can gaba inda nake so in je, kada in kalli taya.

Wallahi abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Da na miƙe na ba shi wuta, sai ƙafar gaba ta yi sauƙi, ta hau saman yashin maimakon ta tone shi. Babur yana ta karkaɗa gindi a ƙarƙashina, dama da hagu, amma yana tafiya gaba, kuma da na daina ƙanƙame kansa sai ya riƙa gyara kansa da kansa. Dalilin a fili yake idan mutum ya natsu: duk lokacin da ka saki totur ko ka taɓa birki, nauyi gaba yake komawa, ƙafar gaba ta nutse, idan ka ci gaba da ba shi wuta, nauyi na baya, gaba na shawagi. Injin ba mai hargagi ba ne, ƙarfinsa bai wuce na doki 12 da ɗan wani abu ba, amma a ƙananan giya yana ja a hankali ba tare da ya fizge ba, kuma wannan ne mai koyo yake so. Tankin siriri ne ta wurin gwiwa, don haka na samu na matse shi da ƙafafu ina tsaye. Burtalin da na san da tsohon babur ɗina sai na sauka sau huɗu ko biyar, na ratsa shi ban sa ƙafa a ƙasa ba. Da muka fita ƙarshensa na ji ina dariya ni kaɗai a cikin hula, irin dariyar da rabona da ita tun ina yaro ranar da na fara iya keke.

Muka tsaya ƙarƙashin wani gawo don injin ya sha iska. Wannan wajibi ne a kula da shi: inji mai sanyaya da iska idan ya daɗe yana aiki da ƙarfi a tafiyar hawainiya zafi yake ɗauka, balle sabo da bai gama sakin jiki ba. Ina jin zafinsa a ƙwaurina, yana ƙara ƙas-ƙas yana hucewa. Minti goma muka ba shi.

Gaba kaɗan akwai wani rafi da bai gama ƙafewa ba, ruwan bai kai gwiwa ba. Salansar a sama take, kusa da kujera, saboda haka ban ji ɗar ba. Na shiga da giya ta ɗaya na fita lafiya. Da na taka birkin baya a hayin rafin sai na ji ya yi santsi, bai kama kamar da ba. Haka birkin ganga yake idan ruwa ya shige shi, kowane iri ne. Na riƙa ɗan taka shi ina tafiya har ya bushe ya dawo daidai. Wanda bai san da wannan ba zai iya shan mamaki a gangara.

Wurin da cikin babur ya nuna amfaninsa shi ne kusa da Birnin Kudu, inda ƙasa ta koma duwatsu da kwazazzabai. Akwai wani hawa da ruwan damina ya zaizaye, duwatsu sun fito kamar matakala. Na tabbata da tsohon nawa sai inji ya daki dutse. Wannan ya hau, ban ji ƙarar komai a ƙasa ba. A nan kuma na gane iyakarsa. Da na ɗan ƙara gudu na faɗa wani rami, shokazoban baya ya nutse har ƙarshe, na ji bugun a bayana. Baburan tsere na daji ƙafar gabansu inci 21 ce, ƙafafunsu kuma sun fi tsawon motsi. Wannan an ƙera shi ne ya yi rabi kwalta rabi daji, a tafiyar mai hankali. Tayoyin da ya zo da su ma haka suke, tsaka-tsaki. Sun ishe ni a rani, amma kafin damina zan sa masu manyan haƙora saboda laka.

Akwai abin da ba na babur ba ne amma ba zan tsallake shi ba. A wani ƙauye da muka ratsa, yara sun biyo mu da gudu, manya kuwa suka yi tsit suna kallonmu daga inuwa. Mutum biyu a dogayen babura, fuska a rufe, sun ɓullo ta daji: a wannan zamani ba abin da za a yi wa murmushi ba ne. Kowa ya san abin da ya sa a 2021 jihohi irin su Zamfara da Katsina suka taƙaita zirga-zirgar babura. Kawu ya tsaya tun daga nesa, ya cire hula, muka tura baburan da hannu har ƙofar mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Dutse, hanya muka ratso. Wannan ɗana ne, riɗi yake saye."

Fuskoki suka saki. Aka kawo mana ruwa a kwanon sha, kafin mu tashi har an nuna mini buhu shida na riɗi a wani soro. Duk mai niyyar shiga daji da irin wannan babur, ya riƙe takardunsa a jiki, ya cire hula idan ya doshi gari, ya yi sallama.

Mun isa Birnin Kudu kafin azahar. Na so mu tsaya mu ga zanen da mutanen zamanin baya suka yi a jikin duwatsun garin, amma Kawu ya gaji, ni ma cinyoyina rawa suke saboda tsayuwa. Muka sa aka mayar mana da iskar taya, muka dawo ta kwalta. A kwalta ban wuce 60 ba tunda inji sabo ne. Yana tafiya lafiya lau, zaman kuma a miƙe yake, mutum na hango gaba sosai. Gaba ɗaya tafiyar ta ɗan haura kilomita 90, kuma da na sake cika tanki lita 3 da ɗoriya ya ci, duk da wahalar yashi. Da wannan lissafi zan iya kwana biyu ina yawon ƙauyuka ban nemi mai na kwalba ba.

Wanda yake tunanin saye, ga inda zan ja masa kunne. Kujerar tana da tsawo, santimita 82 da rabi daga ƙasa. Ni mai matsakaicin tsawo ne, da tafin ƙafa ɗaya nake tsayawa, gajere kuwa zai sha wuya a wurin da ƙasa ba ta daidaita ba. Ba babur ɗin dako ba ne. Mazaunin kayan da ke bayansa zai ɗauki jaka da ma'auni da 'yan samfurin riɗi, amma buhu biyu da fasinja aikin dogon kujerar babur ɗin acaɓa ne, shi ya sa ban sayar da tsohon nawa ba. Kuɗinsa ya fi na waɗancan nesa ba kusa ba, kayan gyaransa kuma ba a kowane shago ake samu ba, wasu sai an aika Kano. Idan zirga-zirgarka daga gida ce zuwa kasuwa a kan kwalta, riƙe kuɗinka. Idan kuwa kai malamin gona ne, ko ma'aikacin lafiya mai kai rigakafi rugage, ko mai sayen amfanin gona irina, ban ga abin da zai hana ka ba, kuma ni ban yi nadamar ko sisi ba.

Da na dawo gida na duba shi da fitila. Sarƙa ta sha yashi har tana ƙara, na wanke ta da kananzir na shafa mata mai kaɗan, don mai da yawa yashi yake kamawa. Matatar iska ta riga ta yi ja da ƙurar hunturu a fita ɗaya tak. A tayar baya na zaro ƙayar aduwa guda biyu da filaya, Allah ya sa ba su kai ga tif ba. Tun daga ranar na sa famfon hannu da kayan faci da tif guda a cikin jaka. Saura kilomita 700 da wani abu ya kai 1,000 a juye masa baƙin mai na farko, kuma ranar Laraba zan koma ƙauyen nan in auna buhu shidan.