Yawon lokeshan ɗin Game of Thrones a gaɓar tekun Antrim, abin da na gani da kuɗina

Masu tambaya ko yawon nan na bas da ake yi daga Belfast ya cancanci kuɗinsa, eh ya cancanta, amma don Allah ku nemi kamfani mai ƙaramar mota kar ku shiga doguwar bas ɗin nan irin wadda na shiga. Dalilin zai fito a gaba.

Ni dai ina cikin waɗanda suka bi fim ɗin nan tun farkonsa a 2011 har ya ƙare a 2019, zango 8 kashi 73, har da na ƙarshen nan da ya ɓata wa kowa rai. Yawancin aikin a Ayilan ta Arewa aka yi shi, babban situdiyon ma yana cikin Belfast kusa da inda aka ƙera jirgin Titanic, shi ya sa kamfanonin yawon buɗe ido suka yi yawa a garin kowa na cewa nasa ne na asali. Ta intanet na yi bukin, da sassafe muka tashi, direban shi ne kuma jagoran, dattijo ne mai barkwanci amma Turancinsu na can sai ka kasa kunne sosai, rabin abin dariyar da yake faɗa sai dai in ga mutane na dariya nima in taya su.

Da aka wuce Larne sai titi ya manne da teku, dutse a hagu ruwa a dama, titin da aka sassaƙa tun tsakanin 1832 da 1842 kuma har yau shi ake bi. In za ku shiga ku zauna ɓangaren dama, nan ne kallon yake. Kafin nan ya nuna mana Magheramorne ta taga, tsohon wurin fasa dutse inda aka gina Castle Black, sansanin masu gadin katangar ƙanƙara a fim ɗin, da ita katangar, ba a shiga, ba a ma tsaya ba, wai mu kalla da idon zuci.

Carnlough ne zangon farko. Ƙaramar kwata ce ta jiragen kamun kifi, da wasu matakalai na dutse da suka gangara cikin ruwa, to nan ne Arya, yarinyar gidan Stark a fim ɗin, ta fito daga ruwa jina-jina a zango na 6 bayan an daɓa mata wuƙa. Abin da ya ba ni dariya shi ne gadar da aka soke ta a kai tana Girona can ƙasar Sifen, wato yarinyar nan ta faɗa ruwa a Sifen ta ɓullo a Ayilan, kuma ba wanda ya lura a cikinmu muna kallo. Matakalan duk gansakuka ne ga santsi, na tsoma yatsa a ruwan na janye da sauri, wallahi duk abin da suka biya jarumar nan ta ci halaliyarta.

Kogon Cushendun kuwa, hmm. Inda matar nan mai jajayen kaya ta haifi inuwa a zango na 2, a fim ka ɗauka wani ƙaton rami ne mai ban tsoro da ba a ganin ƙarshensa, ashe taku kaɗan ne ka ratsa shi, ga gidajen mutane a kusa har da mai yawo da karensa. Sai dai jikin dutsen abin kallo ne, jajaye-jajaye ne da manyan tsakuwoyi a cuse a ciki kamar an kwaɓa kankare an manta ba a yi filasta ba, shekarunsa wajen miliyan 400. Duk tsoron da muka ji ashe aikin fitila ne da duhu da kiɗa.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Ballintoy shi ne dalilin da ya sa na biya kuɗin nan, nan ne tashar tsibiran Iron Islands a fim ɗin, inda Theon, ɗan mai mulkin tsibiran, ya sauka daga jirgi ya dawo gida yana taƙama ba wanda ya kula shi. Hanyar da ke gangarawa kwatar siririya ce ga kwana-kwana, babbar bas ba ta iya bi, sai aka ajiye mu a sama kusa da farin cocin nan aka ce mu taka da ƙafa mu dawo a kan lokaci, gangarawa da hawowa suka cinye mafi yawan mintocin da aka ba mu, wata tsohuwa ma da ta hango gangaren komawa mota ta yi ta zauna. Ga wasu da suka zo a ƙaramar mota an kai su har bakin ruwa suna zaune suna shan shayi hankali kwance. Kuma wurin ne kaɗai da ya fi yadda yake a fim kyau. Baƙaƙen duwatsu sun tsaya cikin ruwa, igiyar ruwa na dukansu tana watso kumfa har fuska, fararen duwatsun farar ƙasa a gefe da tsohon matoyin da ake gasa ta a da, iska na neman ƙwace maka hula, leɓenka duk gishiri, can gaba ga tsibirin Rathlin, jagoran ya ce ranar da gari ya washe har Sikotilan ana hangowa. Ba su ƙara wani abin kirki da kwamfuta a nan ba, ƙasa suka zuba a kan kwalta suka kawo jiragen katako da ragar kifi shi ke nan. Ban gama ƙare wa wurin kallo ba na ji ana ta mu tafi mu tafi.

Akwai alkyabba da takubban roba da suke rabawa a ɗauki hoto. Alkyabbar da ta zo hannuna a jiƙe take tana warin ruma, na saka dai don sanyi ba don hoto ba.

Abincin rana a wani gidan abinci na ƙauye aka tsaya, ba ya cikin kuɗin tikiti. Kifi da soyayyen dankali shi ne mafita ga irinmu, amma ku tambaya tukuna don wasu da giya suke kwaɓa fulawar da suke tsoma kifin, ni da na tambaya sai suka gasa min nawa ba fulawa, ba wani ɓata fuska. Salla kuwa a gefen wurin ajiye motoci na yi ta kan ciyawa. In an ba ku canji kuka ga takardar fam mai sunan wani banki daban kar ku tsorata, bankunan can suna buga nasu kuɗin, amma ku kashe su kafin ku koma Ingila don wasu shagunan sai sun yi ta juya ta.

Larrybane inda aka yi sansanin Renly mai neman sarauta a fim ɗin, wurin da muka fara ganin jarumar yaƙi Brienne, fili ne kawai na tsohon wurin fasa farin dutse, minti biyar ya isa. Gadar igiya ta Carrick-a-Rede tana nan kusa, tsawonta mita 20 tana lilo mita 30 sama da ruwa, masu kamun kifi suka fara ɗaura ta a 1755, amma tikitinta daban ne kuma ba ta cikin tsarinmu.

Lokaci mafi tsawo a Giant's Causeway aka ba mu, wurin da ko sau ɗaya bai fito a fim ɗin ba. Ba wai ba shi da kyau ba ne, ginshiƙan dutse wajen 40,000 yawancinsu masu kusurwa shida, aikin aman wuta, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a jerinta na wuraren tarihi na duniya tun 1986, dole ka ce tabarakallah. Amma ni ba shi na saya ba, da an yanko rabin lokacin an ƙara wa Ballintoy da ban yi ƙorafi ba. Ku sani kuma zuwa wajen duwatsun kyauta ne, ginin baƙi ne ake biya.

Dark Hedges muka rufe da shi, layin bishiyoyin da aka dasa wajen 1775, daƙiƙoƙi kaɗan ya fito a fim, yanzu guguwa da tsufa sun ci da yawa daga ciki ga mutane dam kowa da waya a sama. An hana motoci bi tun 2017.

Bakin tekun Downhill inda aka ƙona gumaka bakwai a fim ɗin ba ya kan hanyarmu sam, ko a tallan ma da ƙananan haruffa suka rubuta hakan. Wanda yake son ganinsa ya hau jirgin ƙasa daga Belfast mai zuwa Derry ya sauka a Castlerock, kuma in a Disamba ne a yi sammako don wajen ƙarfe 4 rana ta faɗi.